Yadda ake haɗa jakar haihuwa

Masu ta tambayata, ga shi nan:

1. Da cikin ya shiga wata 8, ki sauko da jaka.
2. Ki wanke kayan jariri, ki shanya a rana.
3. Ki zuba tsofaffin zannuwa uku. Sabuwar atamfa ta jira ranar suna.
4. Ki ƙara audugar mata, famfas, sabulu da filas.
5. Ki sa katin awo a aljihun gaba. Hattara, nan ake tafka kuskure! Ƙarfe 2 na dare nas ta ce mu kawo kati, maigidana ya zaro mata katin zaɓe.
6. Ki ajiye jakar a bayan ƙofa.
7. Ki nuna wa maigida ita, har sau biyu. Idan naƙuda ta taso, takalminsa ma ba ya gani.