Yadda za ka sa Python a wayarka ka fara kodin ba sai ka jira laftof ba

Ƴan uwa ɗalibai na Umaru Musa da Hassan Usman da Al-Qalam a nan Katsina, har da ƙannenmu na Federal Poly ɗin Daura, maganar "ni fa ba ni da laftof shi ya sa ban fara kodin ba" ta isa haka nan. Wayar da ke hannunka in dai Android 7 ce ko sama da haka za ta ɗauki Python cikakke, shi ɗin dai da ake koya maku a aji. Kuma abin ba yau aka fara ba, waɗanda suka riƙe Nokia N70 da ire-irenta za su tuna akwai manhajojin da ba su tashi sai ka fara sa Python a wayar, wanda Nokia da kanta ta fitar ma Symbian. To in waccan wayar ta iya ina ga Tecno ko Infinix ɗinka ta yanzu.

Manhajar da za mu yi aiki da ita sunanta Termux, baƙin allo ne kawai da kake rubuta umarni a ciki irin na Linux, ba ta buƙatar ka yi rutin ɗin waya, wato fasa kariyar tsarinta. Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wurin saukewa. Tun 2020 aka daina sabunta tsohuwar Termux ta Play Store saboda dokokin da Google ya kawo lokacin Android 10, wadda aka maido can daga baya kuma ta sha bamban da ta asali, don haka ni shawarata ka shiga f-droid.org ka nemi Termux ka sauke fayil ɗin APK, wato wanda ake sa manhaja da shi, kai tsaye, ba dole sai ka sa manhajar F-Droid ɗin ba. Girmansa ya kai kusan MB 100. In data ta yi maka kaɗan ka je shafin Termux na GitHub, can an raba shi gida-gida, yawancin wayoyin yanzu wanda aka rubuta arm64-v8a za su ɗauka kuma ya fi ƙanƙanta sosai. Waya za ta tambaye ka ko ka amince Chrome ya sa manhaja daga waje, ka amince. Amma don Allah kar ka karɓi APK a hannun mai tura waƙoƙi a shagon caji ko wani guruf, ba ka san me aka cusa a ciki ba, kuma wayar nan ita ce da manhajar bankinka a kai.

Da ka buɗe zai ɗan yi lodin sai ka ga alamar $ tana jiranka. Rubuta wannan ka danna enta:

pkg update && pkg upgrade

Zai yi ta zubo rubutu kar ka tsorata, in ya tambaye ka ko ya ci gaba ka sa y, in kuma ya tsaya yana tambaya a kan wani fayil na saiti danna enta kawai ya wuce. In ka ga ya maƙale ko yana cewa ya kasa samun ma'ajiyar da yake sauke kaya daga cikinta, rubuta termux-change-repo ka zaɓi wata. Bayan nan sai ainihin abin, Python da nano, wato manhajar da za ka riƙa rubuta kod a ciki:

pkg install python nano

Nan fa sai da ɗan tanadi, domin Python ɗin yakan jawo wasu kayan aiki tare da shi, wurin da zai ci a waya ya kai ɗaruruwan MB. Kafin ya fara zai nuna maka nawa zai sauke nawa kuma zai cinye, ka karanta tukunna. Ka yi shi da datar dare ko wayifayin makaranta, kuma batir ya zama da ƙarfi don ba a son waya ta mutu ana tsakiyar sakawa. Sau ɗaya ne dai, daga nan ko babu netwok ko kana ƙauye hutu Python zai yi aiki.

In ya gama rubuta python ka danna enta, za ka ga alamar >>> to ka shiga ke nan. Gwada 12 * 2000 ka ga ya ba ka kuɗin kwasar adashe na mutum 12, in za ka fita ka rubuta exit() shi ke nan.

Yanzu abin da nake so kowa ya yi tun ranar farko, kafin ma ya rubuta komai:

termux-setup-storage

Waya za ta nemi izini ka ba ta. Dalili kuwa duk abin da ka ajiye a cikin gidan Termux a ɓoye yake, manajan fayil ba kasafai yake ganinsa ba, kuma ranar da ka goge manhajar ko ƙaninka ya goge ta don ya sa gem to komai ya tafi har da asaimen ɗin da za ka miƙa jibi. Da wancan umarnin za ka samu hanya zuwa memorin waya, sai ka yi folda a can:

cd ~/storage/shared
mkdir kodin
cd kodin
nano pos.py

Bari mu rubuta abin da zai yi amfani a gaske, na lissafin cajin mai POS, tunda kusan kowace kwana daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya akwai mai wannan sana'a kuma da yawansu ɗalibai ne:

kudi = int(input("Nawa za a cire? "))
if kudi <= 5000:
    caji = 100
elif kudi <= 10000:
    caji = 200
else:
    caji = 300
print("Caji:", caji, "Jimla:", kudi + caji)

Alƙaluman misali ne, ka sa naka farashin. Wurin ajiyewa a nano ana danna CTRL da O sai enta, fita kuma CTRL da X. Kibod ɗin waya ba shi da CTRL amma ka duba saman kibod ɗin akwai layin maɓallai da Termux ya ƙara, akwai ESC da TAB da CTRL da kibiyoyi, ko kuma ka riƙe maɓallin rage sauti na gefen waya shi ma CTRL ne. Kibiyar sama tana dawo maka da umarnin da ka rubuta a baya, wannan kaɗai zai rage maka wahalar yatsa ba kaɗan ba. Sai ka rubuta python pos.py ka sa 7000 ka gani.

Ka lura da tazarar nan huɗu da ke gaban caji, a Python ba ado ba ce, da ita yake gane layin da ke ƙarƙashin if. In ɗaya ta zama uku ɗaya huɗu a cikin rukuni guda, ko ka haɗa TAB da sifes, zai ce IndentationError ko TabError. Na biyu da ke damun masu waya shi ne kwafo kod daga WhatsApp ko Word, alamar zance takan lanƙwashe ta koma “ ” maimakon " miƙaƙƙiya, ido ba ya saurin ganewa amma Python zai ƙi. Haka wasu kibod ɗin suna mayar da harafin farko babba ka ga Print maimakon print. In jan rubutu ko dogon ƙorafi ya fito kar ka rufe, karanta layin ƙarshe, can yake faɗin laifin, sama da shi kaɗan kuma lambar layin da abin yake.

Ƙarin kayan Python da umarnin pip ake sa su, misali pip install requests yana tafiya lafiya lau. Amma manya irin numpy in ka bi ta pip waya za ta yi ta harhaɗawa tana zafi ƙarshe ma ta iya kasawa, gara pkg install python-numpy wanda an riga an haɗa shi. Kar ka ce za ka sabunta pip da kanka, a Termux pkg ne ke kula da shi. Kuma venv, wato keɓe ma kowane aiki nashi kayan Python daban, ba ya yiwuwa a cikin memorin waya, sai a gidan Termux.

Akwai wata matsala da ba laifinka ba ce. Daga Android 12 tsarin wayar yakan kashe ayyukan da ke gudana a bayan fage, kana cikin aiki sai ka ga an rubuta signal 9 komai ya tsaya, ga kuma tsarin tattalin batir na wayoyin da muka fi riƙewa a nan yana ƙara nashi. Shiga saitin batir ka cire ma Termux takunkumi, sannan in aikin mai ɗaukar lokaci ne ka rubuta termux-wake-lock kafin ka fara. Ga ƙananan darussan aji dai da wuya ka ci karo da ita.

In malaminku yana koyar da turtle ko tkinter, masu buɗe taga da zane, Termux ba zai nuna su haka kawai ba, nan Pydroid 3 ta Play Store ta fi sauƙi, tana da wurin rubutu da maɓallin kunnawa, sai dai ta kyauta akwai talla a ciki. Ba laifi ka riƙe duka biyun in wuri ya isa, amma ni Termux na fi so ɗalibi ya saba da ita saboda cd da ls da nano ɗin da yake bugawa su ne zai tarar ranar da aka zaunar da shi gaban saba (server) ko kwamfutar Linux. Masu iPhone kuma su nemi a-Shell, kyauta ce kuma da Python ɗinta take zuwa.

In ka fara rubuta abin da ya wuce layi talatin yatsa zai gaji, to ka nemi ɗan kan OTG, wanda ke haɗa kayan USB da bakin cajin waya, da kibod na USB ko na hannu ne a wurin masu kayan waya, ka duba ko bakin cajinka Type-C ne ko tsohon kafin ka biya, wasu wayoyin kuma sai ka kunna OTG a saiti tukunna. Ka kwantar da wayar a kaikaice ka jingina ta, in rubutun ya yi ƙanana ka buɗa yatsu biyu a kan allon zai ƙara girma.