Yadda Ake Shirya Gajeren Fim Kan Cutar Sankara

Kafin a ɗauki kyamara, a zaɓi nau'in sankara guda ɗaya tak, domin fim ɗin minti uku ba zai ɗauki sankarar mama da ta bakin mahaifa a lokaci guda ba. Idan ta bakin mahaifa ce, saƙon a bayyane yake: allurar rigakafin HPV (ƙwayar cutar da ke haddasa mafi yawan wannan sankarar), wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023.

Daga nan a gina labarin a kan mutum ɗaya. A nuna uwa a tsakar gida tana riƙe da katin rigakafin ɗiyarta, surukarta kuwa tana cewa allurar tana hana haihuwa, sannan ma'aikaciyar lafiya ta warware wannan jita-jita cikin ladabi, ba tare da ta kunyata tsohuwar ba. A ganina, nuna rauni ko gawa kuskure ne, domin tsoro ne yake hana mutane zuwa asibiti tun farko.

Lallai likita ya duba rubutun kafin a fara ɗauka. Bayan an tace, a rage nauyin bidiyon yadda zai wuce ta WhatsApp, a kuma sake shi ranar 4 ga Fabrairu, Ranar Yaƙi da Cutar Sankara ta Duniya.