Zama a Maradi ko fita nema: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Da zarar dammunan gero sun shiga rumbu, hirar majalisa takan koma ɗaya daga Madarumfa har Dakoro: wa zai tafi, wa zai zauna. Cin rani ya girmi kakanninmu, ba a kansa ake gardama ba. Abin da ya sauya shi ne gona ta ƙanƙance da rabon gado, naira ta faɗi, iyaka kuma tana rufuwa ba sallama. Tafiya ba laifi ba ce, zama ma ba ragwanci ba ne. Abin da ke karya gida shi ne a tafi bayan an rushe wurin dawowa, ko a zauna ba a sauya komai ba.

Jinginar da gona don kuɗin mota

Wannan ya fi kowane kuskure ciwo, domin shi ne ba ya gyaruwa da sauƙi. A jingina, wanda ya ba da kuɗi shi zai yi ta noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif, amfanin da ya kwasa kuwa ba ya rage ko dala daga bashin. In tafiya ba ta yi kyau ba, ga bashi, ga gida ba abinci. Damina uku, huɗu, mai riƙo ya zuba taki, ya saba da wurin, shaidun baka sun tsufa ko sun rasu, sai a wayi gari ana cewa ai sayarwa aka yi.

In dole sai an nemo guzuri, a fara da sayar da abin da ke mayar da kansa: bunsuru ko rago, ba jar akuya mai haihuwa ba. In bai isa ba, a ba da wani yanki na gonar haya na damina ɗaya ko biyu, wa'adi ya cika ta dawo hannu ba sai an biya komai ba. Wanda jingina ta kama shi tilas, kada ya yarda da maganar baka ko da da ƙanin mahaifinsa ne. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, tun daga ƙauye har zuwa gunduma, kuma suna ba da takardar shaidar jingina da ta haya da ta aro. A rubuta iyakokin gonar ta kusurwa huɗu da sunayen maƙwabta, adadin kuɗi, ranar da aka karɓa, da shaidu gaban maigari. Abu biyu ake yawan mantawa: a rubuta cewa mata ko ɗan'uwa na iya fanso gonar a madadin wanda ya tafi, kuma a faɗi lokacin fansa, wato bayan girbi kafin sassabe, don kada a zo ana jayayya shuka na ƙasa.

Lissafi da abin da aka ce ana samu

Wanda ya dawo da sabuwar waya da babur zai faɗa maka abin da yake samu a rana, ba zai faɗa maka abin da ya rage masa a wata ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin ka ɗaure kaya, ɗan'uwa, ka nemi mutum biyu da suka yi aikin nan a garin nan bana, ba shekara biyar da suka wuce ba, ka tambaye su kuɗin ɗaki, abinci, ruwa, mota zuwa da dawowa, abin da ake bari a shingayen hanya, da kwana nawa a wata ake wuni ba aiki. Abin da ya saura shi ne riba, shi za ka gwada da abin da za ka samu a gida.

Ga mai zuwa Katsina, Kano ko Legas akwai ƙarin tarko. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta yi mummunar faɗuwa, ga cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar da ya ɗaga kuɗin mota da na abinci. Mutum na iya tara damin naira ya iso wurin ɗan canji a Ɗan Isa ya ga abin bai kai buhu uku na gero ba. Ka tambayi canji kafin tafiya, kuma kada ka ajiye naira wata da watanni a ƙarƙashin tabarma: ka canza duk mako biyu ka aiko, ko ka sayi kayan da ka tabbatar suna da kasuwa a Maradi.

Barin gida ba a auna rumbu ba

A nan ne mata da yara suke biyan kuɗin tafiyar da ba su yi ba. Lissafin ba wuya. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. A ce gida na daka tiya biyu a rana: tiya 60 ke nan a wata, buhu ɗaya da rabi. Daga Nuwamba zuwa sabon gero, wata goma, buhu 15. In abin da ke rumbu takwas ne, giɓinka bakwai, kuma wannan bakwai ɗin shi ne dalilin tafiyarka, shi za ka fara cikewa kafin waya ko tufafi.

Kuskuren da ke biye da shi shi ne sayar da wake da gero a kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, sannan a dawo ana sayen hatsin da tsada a Yuli da Agusta. Inda ƙungiyar manoma ke da sito, ana ajiye amfani a kulle a karɓi bashi a kansa, a fanshe bayan ƴan watanni farashi ya tashi. Wake kuma a zuba shi a buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwaro sai ya mutu ba a sa magani ba. In leda ta huje ko waken bai bushe ba, aikin banza aka yi.

Sai lokacin dawowa. Mai cin rani da ya ce bari ya ƙara wata guda yakan iso an yi ruwan shuka, ciyawa ta riga shi. Abin da ya ƙara samu a birni ba ya biyan noman farko da ya kuɓuce. Watan Mayu ya same ka a gida, ka kai taki, ka gyara gona.

Hamada da ramin zinariya

An soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba na 2023, motoci sun koma fita daga Agadas a fili. Soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya tsakanin Dirku da Madama, kan hanyar Libiya, ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Har yanzu Aljeriya na kwaso mutane ta zube su a hamada, su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka, sau da yawa ba kuɗin da suka tara, ba waya. Babban kuskure a wannan hanya shi ne yarda da "hau yanzu, ka biya can". Wanda ya hau bashi, a gidan bashi yake sauka, daga nan sai kiran waya gida a sayar da gona. Haka mace da dillali ya yi wa alkawarin aikatau a Saudiyya: in ba ta ga takardar aiki da sunan gidan da adadin albashi ba, kuma fasfo zai kwana a hannun wani, kada iyaye su sa albarka.

Haɗarin ramin zinariya ma ba sai Jado, can arewa cikin hamadar Agadas, ba. A Garin Liman, nan cikin Ɗan Isa, rami ya rufta a watan Nuwamba na 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Ramin da ba tokara, aka haƙa dab da wani, ba a shiga shi ko nawa ake tsinta.

Duk inda za a je, a riƙe katin ɗan ƙasa mai rai da katin allurar shawara. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairu na 2025, don haka a tambayi waɗanda suka ƙetare kwanan nan abin da ake nema a iyaka, kada a dogara da sabon da.

Masu zama ma suna kuskure

Na farko jira: jiran a ɗauke ka aikin gwamnati da takardar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko jiran jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi da aka aza tubalinsa a 2021. Da hanau gara mannau. Na biyu ɗora rayuwa gaba ɗaya kan iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ba shi da ƙafa ta biyu ya ci jarinsa. Ƙafa ta biyu tana nan kusa: lambu a Jiratawa ko bakin Gulbi, turkar rago wata uku zuwa huɗu kafin Layya, sarrafa aya da gyaɗa maimakon sayar da su ɗanye, ko asusun Mata Masu Dubara, wanda a nan yankin aka fara shi a 1991.

Ƙaramar gona ma tana da sauran magana. Gero a tazarar mita ɗaya rami 10,000 ne a hekta ɗaya. Giram 2 na takin DAP a kowane rami, abin da yatsa uku ke ɗauka, kilo 20 ke nan kacal, ko giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo, kilo 60. Sai ƙasa ta jiƙe ake sa shi, in ba haka ba ya ƙone iri. A sassabe kuma a bar tohon gawo da kalgo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a yanke sauran.

Mutanen ƙauyukan bakin iyaka na Madarumfa da Gidan Rumji da masu satar mutane suka dama, lissafinsu daban ne, rai ya fi gona. Amma su ma kada firgita ta sa su sayar da fili a wulaƙance. A ba da aro a rubuce, a matso cikin gari.

Kunyar dawowa

Mutane da yawa ba samu ke riƙe su a waje ba, kunya ce. Maganinta tun kafin tafiya ake haɗa shi. A zauna da mahaifi ko yaya da maiɗaki a yanke wa'adi: wata huɗu, in ba a aiko kuɗin buhu kaza ba, a dawo, ba mai gori. Kuɗin motar dawowa a ware shi tun ranar farko, a bar shi wurin wani amintacce ko a kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Al Izza, kada ya shiga aljihun cefane. Kowane aike kuma a faɗi sunansa a waya gaban mutum biyu: wannan na gero ne, wannan na taki, wannan na fansar gona.