Yadda Ake Tantance Tsohon Bargon Hudson's Bay a Kasuwar Gwanjo

Mai yawon Haraj, kasuwar gwanjo ta Jidda, zai iya cin karo da farin bargon ulu mai ratsin kore, ja, rawaya da shuɗi, kuma kafin ya taya, ya kamata ya san abin da ke hannunsa. Kamfanin Hudson's Bay, wanda Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba izini a 1670, ya fara kai irin wannan bargo Kanada wajen 1780, ana saƙa shi a garin Witney na Ingila, ana musayarsa da fatun biba, wata dabbar ruwa mai faffaɗar jela wadda Turawa ke yin huluna da gashinta.

Da farko a shimfiɗa bargon a duba gefensa, inda za a ga gajerun layuka masu duhu, kowane bai wuce tsawon yatsa ba. Dillali zai iya cewa adadinsu shi ne yawan fatun da aka biya, amma wannan zance ne na cin kasuwa, domin layukan girman bargon suke nunawa, ta yadda za a san shi ba tare da an warware ba. Uku da rabi na gadon mutum ɗaya ne, huɗu na mutum biyu, mai shida ko takwas kuwa ɗan zamani ne.

Daga nan a nemi lambar kamfanin da ake ɗinkawa a kusurwa, wadda aka fara sakawa wajen 1890. Rashinta ba hujjar tsufa ba ce, tun da wasu masaƙu sun yi makamancinsa. Idan an tarar an yanka bargon an ɗinka riga mai haɗe da hula, kada a raina ta, domin haka Metis (jikokin auratayyar Turawa da 'yan ƙasa) da sauran 'yan asalin Kanada suke ɗinka rigar sanyinsu, kuma a ganina aikin hannun nan ya fi bargon kansa daraja.

A ɗaga shi sama ta fuskar haske, ramukan asu za su bayyana. Bayan an saya, a guji ruwan zafi da injin wanki, saboda ulu yana tsukewa ya cure. A kakkaɓe shi, a shanya a inuwa, a naɗe cikin farin ƙyallen auduga maimakon leda, domin raɓar Jidda tana taruwa a leda ta haifar da fumfuna.