Yadda za ka gane asalin tsohon shayin Sin daga takardar da aka naɗe shi

'Yan kasuwar Bauchi da ke zuwa sari Gwanzu sukan dawo da tsarabar wani ganyen shayi da aka danne shi kamar faifai, aka naɗe da takarda, wanda ya sayar musu ya rantse cewa ya shekara talatin. Sunansa Pu'er, a lardin Yunnan ake yin sa. Ba koren ganyen ataya da ake saya a Wunti ba ne. Wannan ajiye shi ake yi, yana tsufa kuɗinsa yana hawa, shi ya sa jabunsa ya cika kasuwa. Takardar ba za ta tabbatar maka da shekarunsa ba, tunda buga takarda ba wuya, amma tana tona asirin maƙaryaci.

Fara da sikeli. Faifan gargajiya giram 357 ne, ana ɗaure bakwai a cikin ɓawon gora, wato kusan kilo biyu da rabi. Akwai kuma masu giram 200 da 400, don haka gwada da abin da aka rubuta. Tsoho yakan rage 'yan giram saboda bushewa da zubar gefe.

Sai ka juya bayan takardar, nan aikin yake. In ka ga alamar QS, wato shaidar lasisin sarrafa abinci ta Sin, shuɗiya da fari, ta zama dole a kan shayi ne a 2007. A watan Oktoban 2015 aka fara maye gurbinta da SC, mai lambobi 14 a gabanta, aka daina QS ɗin ɗungurungum a Oktoban 2018. Saboda haka faifan da aka ce na 1995 ne amma yana ɗauke da SC, ko dai ƙarya aka yi maka, ko an sake masa riga daga baya. Haka GB/T 22111: ƙa'idar ingancin Pu'er ce ta 2008. Faifan tsofaffin masana'antun gwamnati kuwa galibi ba su da kwanan wata ko kaɗan. Wanda ya zo da 1988 ɓaro-ɓaro a bayansa, a yi hattara da shi.

Lambar SC ita ke faɗin garin. Uku na farko nau'in kaya ne, 114 shayi ke nan. Biyu na gaba lardi: 53 Yunnan, 44 Guangdong, 35 Fujian. Huɗu masu bi musu yanki da gunduma ne, in an haɗa da na lardin, 532822 gundumar Menghai ce. Amma a lura, wurin da masana'antar take lambar ke nunawa, ba dutsen da aka tsinko ganyen ba. Sunayen wuraren da shayinsu ya yi fice, irin su Lao Banzhang da Bingdao da Yiwu, kowa na iya buga su a fuskar takarda, kuma ƙauyuka biyun farko ba sa noma kwatankwacin abin da ake sayarwa da sunansu.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne lambobi huɗu na haɗin ganye, irin 7542. Biyun farko, 75, shekarar da aka tsara haɗin ce, 1975, ba shekarar da aka yi faifan da ke hannunka ba. Har gobe ana yin 7542. Ta uku darajar ganye ce, ƙaramar lamba tana nufin ƙananan ganye da toho. Ta ƙarshe masana'anta: 1 Kunming, 2 Menghai, 3 Xiaguan. Ke nan 8653 na Xiaguan ne, 7581 na Kunming. In an ƙara 901 a gaba, 9 ƙarshen shekara ce, kamar 2009, 01 kuma zubin farko.

Duba ko an rubuta 生 ko 熟. Na farko ɗanye ne, mai tsufa da kansa a hankali. Na biyu an jiƙa ganyen an tara shi an rufe don ya nuna da wuri, dabarar da aka fara a Kunming a 1973. Wanda ya ce nunannensa na 1960 ne bai san kayansa ba. Tambarin da ke da jajayen 中 takwas kewaye da koren 茶 na kamfanin gwamnati ne tun 1951, amma masana'antu da yawa sun yi amfani da shi, masu jabu ma haka, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne.

Yanzu buɗe a hankali, kada ka yaga. Akwai 'yar takarda da aka danne tare da ganyen tun wajen yi, ganye ya hau kanta, ba ta fita sai an ɓanɓare. Sunan masana'antar da ke jikinta ya dace da na waje. In an liƙa ta da gam, ko ta faɗo da kanta ba tabon ganye, an taɓa kayan. Tsohuwar takardar waje takan yi laushi, da ɗigon tabon man shayi nan da can, wani lokaci da hudar ƙwari. Wadda ta yi rawaya bai-ɗaya kamar an tsoma ta a ruwan shayi, to tsoma ta aka yi.

Daga nan ɓanɓaro giram 6, zuba tafasasshen ruwa rabin kofi ka zubar da shi nan take, sannan ka sake zubawa na daƙiƙa goma, ba sukari. Ɗanyen da ya shekara ashirin ruwansa ja ne garai-garai, ganyen kuma in ka murza shi yana da danƙo. Nunanne da aka sayar da sunan tsohon ɗanye ruwansa yakan yi duhu tun zubin farko, ganyen baƙi, yana marmashewa. Warin fumfuna kuwa danshin ajiya ne, ba tsufa ba, kuma irinsa ba a sha.