Yadda za ka gano matsalar 'yar MP idan ta ƙi caji ko ta ƙi haɗuwa da waya

A nan Katsina, da zarar hunturu ya kankama, sai ka ji mutane suna cewa MP ɗinsu, wato 'yar na'urar sauraren karatu da waƙa, ta mutu. Galibi ba mutuwa ta yi ba, ƙura ce ta toshe mata bakin caji, ko kuma wayar cajin ce ta tsinke daga ciki. Kafin ka kai ta wurin mai gyara, gwada waɗannan bi da bi, ka fara da wanda ba ya cin kuɗi.

Da farko canza wayar caji da kan caja. Ari na wani da ka tabbatar yana aiki. Waɗannan 'yan na'urori volt 5 suke sha, don haka cajar waya ta yau da kullum ta isa. In bakinta Type-C ne, nemi wayar da ɗaya kanta faffaɗan USB ne, domin da yawa daga cikin masu arha ba sa karɓar wuta daga wayar da take Type-C gaba da baya, komai tsadar cajar.

In ba ta motsa ba, kashe ta ka haska tocila cikin bakin cajin. A nan mafi yawan matsalar take. Ƙura da zaren aljihu suna dunƙulewa a can ƙurya har su yi tauri, kan wayar ya kasa shiga har ƙarshe. Samu tsinken sakace, ka fere shi ya yi siriri, ka riƙa yakuto dattin a hankali ta gefe. Akwai wani ɗan harshe a tsakiyar ramin, kada ka danne shi, in ya karye sai an canza bakin gaba ɗaya. Ban da allura ko fil, ƙarfe na iya haɗa wuta. Ban da hurawa da baki kuma, danshin yawu tsatsa yake jawowa. In kuwa sai ka karkata wayar ko ka ɗaure ta da kyauro sannan fitilar caji ta kama, dalmar bakin ce ta saki, wannan aikin mai gyara ne.

Sai batir. Wanda ya daɗe a mace ba ya farfaɗowa nan take, bar shi a caji kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ka yanke hukunci. In irin wadda ake cire batirinta ce, yawanci BL-5C ne mai volt 3.7, irin na tsohuwar Nokia, kuma ba ya wuyar samu wurin masu kayan waya. Ciro shi, ka goge 'yan haƙoran nan uku da busasshen ƙyalle, sannan ka aza shi a kan tebur. In ya yi ciki har yana juyawa, ya kumbura, ka rabu da shi. Kada ka huda shi, kada kuma a zuba shi cikin sharar da za a ƙona. Barin MP a gaban mota cikin zafin Afrilu na saurin kashe batir.

Ƙin haɗuwa kuma kala-kala ne. In tana caji amma kwamfuta ba ta ganinta, mai yiwuwa wayar ta caji ce zalla, ba ta ɗaukar fayil, sai ka canza wata. In memori ne ba ta karantawa, zare shi ka goge ka mayar. Da yawansu ba sa ɗaukar wanda ya wuce 32GB, kuma tsarin ajiya na FAT32 suke so, wanda ake zaɓa wurin yi wa memori fomatin. Amma ka kwashe karatunka da waƙoƙinka zuwa wani wuri kafin ka yi fomatin, don komai zai goge.

Na Bluetooth ya fi sauƙi. Tabbatar ka danna Mode ta fita daga rediyo ko memori. Sannan ka tambayi mutanen gida, sau da yawa ta riga ta maƙale da wayar uwargida ko ta yara, kuma yawancinsu waya ɗaya suke riƙewa a lokaci guda. A kashe Bluetooth na waccan, kai kuma ka share sunanta daga wayarka, ka sake nemo ta kana kusa, kada tazarar ta wuce mita 10.

In ta daskare ba maɓallin da ke aiki, duba gefe ko bayanta, wasu suna da ɗan rami mai rubutun Reset. Danna shi da tsinke na 'yan daƙiƙu, ka sake kunnawa.