Yadda nake haɗa zaren kitso da lida kafin in sauka bakin teku

Duk wanda ya saba jefa fatsa a dam ɗin Ajiwa ko na Zobe, kuma yake da niyyar gwada hannunsa a teku in fatauci ya kai shi Legas, to zare ne abin da zai fara gyarawa tun kafin a zo maganar sanda. Mu nan Katsina nailan muka sani, yana kuma yi mana aiki a kan tarwaɗa da karfasa. Teku kuwa nisa take so. Kifin yana can bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, iska na bugo ka ta gaba, ruwa na jan zaren gefe. A irin wannan wuri zaren kitso, wanda za ka ga an rubuta PE a kwalinsa, ya yi wa nailan nisa.

Da siraran zaruruwan roba ake kitsa shi, irin su Dyneema na ƙasar Holan da Spectra na Amurka, wani sili huɗu, wani takwas. Mai takwas ya fi laushi, ya fi tafiya nesa. Mai huɗu ya fi kaushi da araha. Ƙarfinsa a wajen ja ya ba da mamaki: mai lambar kauri PE 2, kaurinsa bai kai rubu'in milimita ba, amma yana ɗaukar laba 30 ko fiye, wato kilo 13 da ɗoriya. Ba ya miƙewa sai ɗan abin da ba a rasa ba, alhali nailan kan miƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke. Shi ya sa ko kifi ya ɗan taɓa ƙugiya a nisan mita 80, za ka ji shi a hannunka.

Aibinsa biyu ne. Yana da santsi, ƙullin da ka saba yi wa nailan zamewa zai yi. Sannan ba ya jure guga: in yana miƙe ya goga dutse, an gama. Duk abin da zan faɗa a ƙasa maganin waɗannan biyun ne.

Fara da naɗi. Kada ka ɗaura zaren kitso kai tsaye a kan kwarkwaron ril, wato na'urar naɗe zare da ke jikin sanda, don ranar da babban kifi ya ja, naɗin gaba ɗaya zai riƙa juyawa a kan ƙarfen, kana murɗa hannu ba abin da ke shigowa. Ka fara naɗa nailan ya rufe gindin kwarkwaron, ka haɗa zaren kitso a kansa. In ba nailan, zagaye biyu na baƙin tef ɗin masu wayarin ya isa. Nailan ɗin yana rage maka kashe kuɗi ma, tunda mita 300 na zaren kitso sun ishi mai tsayawa a gaɓa, sauran gurbin sai nailan ya cike. A lokacin naɗin sa wani ya riƙe maka, ko ka matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma, ya shiga da tauri har in ka danna da babban yatsa ba zai lotsa ba. Naɗi mai sako-sako shi ke sa zare ya nutse cikin ɗan'uwansa ya maƙale. Ka tsaya saura milimita 2 zuwa 3 ya kai leɓen kwarkwaro. Wanda ya cika shi maƙil, jifan farko zai tsinci curin zare a zoben sanda.

Sai lida, wato guntun zare mai kauri da ke tsakanin zaren kitso da ƙugiya. Shi ke shan gugar yashi da dutse da bakin kifi, shi kuma ke ɗaukar fizgar jifa. Masu jefa darma mai nauyi, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, suna da ƙa'ida tsohuwa: kowace oza ɗaya ta darma, wato giram 28, a ba ta laba 10 na lida. Darma mai oza 5 ke nan tana son laba 50. A gaɓar Legas ruwa na jan kaya daga yamma zuwa gabas, ƙaramar darma ba ta zama, sai ka ga mutum yana bin zarensa da ƙafa. Don haka da wuya ka sauka ƙasa da oza 4, kuma mai ƙafafun waya ta fi kama yashi. Wannan ƙa'ida ta tsare rai ce kafin ta kifi: darmar da ta tsinke a tsakiyar jifa ba ta san kan mutum ba, bakin teku kuma ba ya rabo da yara da masu yawo. Tsawon lidar kuwa, ya taso daga darma, ya bi sandar har ƙasa, ya kuma zagaya kwarkwaro sau biyar ko shida.

Nailan ko fulorokabon? Fulorokabon, wani zaren roba ne mai kama da nailan a ido, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa da sunan Seaguar a 1971, yana nutsewa da sauri, ya fi jure guga, kuma kifi bai cika ganinsa a ruwa mai haske ba. Amma yana da tsada da taurin kai wajen ƙulli. Ra'ayina, ruwan gaɓar Legas gauraye yake da yashi, kifaye irin su kuroka da shaini-nos ba su da lokacin duba zare. Nailan mai kyau ya wadatar. Fulorokabon sai in za ka hau duwatsun da aka jera a bakin mashigar jiragen ruwa, wajen Tarkwa Bay, inda ƙananan halittu masu kaifin ɓawo suka manne wa kowane dutse.

Haɗin zaren kitso da lida shi ne inda akasarin mutane ke asarar kifi, don haka a nan zan daɗe. Ƙullin da nake yi sunansa FG. Lidar ba a lanƙwasa ta ko kaɗan, zaren kitso ne ke saƙuwa a jikinta yana shaƙe ta, kamar yadda dukawa ke saƙa fata a mariƙin bulala. Saboda haka siriri ne, yana wuce zobban sanda ba ƙara.

Ga yadda nake yi. Ina jingine sanda a gabana, in ciji bakin zaren kitso ko in naɗa shi a ƙaramin yatsa, ya miƙe tsam. Sai in ɗora bakin lida a kansa a gicciye, in bar kamar tsawon taƙi. In zagaya da bakin lidar ta ƙarƙashin zaren a ɓangaren sanda, in miƙar da ita. In sake zagayawa ta ɓangarena, in miƙar. Haka nan, can da nan, har sau ashirin, kowane zagaye yana zaune daf da na bayansa, ba hawa kan juna. In danne ƙarshen da yatsa, in yi zarge biyu da bakin zaren kitso a kan lida da uwar zaren tare. Yanzu sai ja. Naɗa kowane ɓangare a guntun itace, ko ka sa safar hannu, don zaren nan yana yanka nama har ƙashi. Ka jiƙa ƙullin, ka ja da ƙarfi a hankali har ka ga launin saƙar ya sauya ya yi duhu, ta nutse cikin lidar. In launin bai sauya ba, ƙullin bai kama ba, komai kyawunsa a ido. Bayan nan ka yanke ragowar lida daf da abin yanke farce, ka ƙara zarge huɗu zuwa shida a kan uwar zaren kaɗai, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ka datse. Masu ƙona bakin lida da laita su kula, zaren kitso yana narkewa a zafin da bai kai digiri 150 ba.

Wani dattijon masunci a Ajiwa ya taɓa tsayawa a kaina ina wannan saƙa, ya ce, "Ɗana, kifin zai jira ka gama?" Na ce, "Baba, ai shi ya sa a gida ake yi." Gaskiyarsa ce ta wani gefen. FG ba ƙullin da za ka koya a bakin ruwa ba ne, iska na kaɗawa, hannu duk ƙarni. Koye shi a tsakar gida bayan la'asar, a kan tabarma, har hannu ya haddace. In lokacin hunturu ne ka shafa mai, don zaren yana shiga faso. Kuma ka riƙe na biyu don gaggawa, wato ƙullin uni baki biyu: ka jera zaruruwan biyu, kowanne ya yi madauki ya naɗe ɗan'uwansa, zaren kitso sau takwas zuwa goma saboda santsinsa, nailan sau huɗu ko biyar, ka jiƙa, ka ja su haɗu. Ya fi FG kauri, yana ƙwanƙwasa zobba, amma ko da tocila za ka iya shi.

A ƙarshen lida ka ɗaura majuyi, ɗan ƙarfen nan da ke hana zare murɗewa, da ƙullin uni zagaye biyar. Daga shi ƙugiya da darma ke rataya. Inda akwai duwatsu, ka ɗaura darmar da nailan mai rauni, in ta maƙale ita kaɗai za ta tafi, amma wannan na jifa kusa ne a hankali. Barakuda kuwa, wata kifanyar teku, haƙoranta ba su san lida ba, sai guntun waya kamar taƙi ɗaya a gaban ƙugiya. Wanda ya san kifin tsage ya san zancen.

Kafin ka hau mota, gwada komai. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Cika jarka da lita 10, ɗaura lida a hannunta, ɗaga a hankali da itacen da ka naɗa zaren kitso. Ƙullin da ya zame a tsakar gida bai ci maka komai ba. Da wannan dabarar ake saita birkin ril ma, wato abin da ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi: tunda zaren ba ya miƙewa, birkin ne kaɗai sassauci tsakaninka da kifi. Ana sa shi a rubu'i zuwa sulusin ƙarfin zaren, wato ga laba 30, galan mai lita 4 ya fara jan zare daga ril in ka ja shi kai tsaye. Jifan kuma ka gwada shi a fili inda ba mutane ba dabbobi, ka naɗe yatsan da ke riƙe zare da tef, ka ɗaure birkin tam kafin kowane jifa, ka mayar da shi bayan darma ta sauka. Rufe wayar ril, wadda ake buɗewa don zare ya fita a lokacin jifa, da hannu, ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Yawancin curin da ake ɗora wa iska laifi daga nan yake tasowa.

In ka tashi daga ruwa, ɗauraye ril da zare da ruwan daɗi, zubawa a hankali ba da matsi ba, don kada gishiri ya shige ciki, ka sassauta birki, ka shanya a inuwa. Bi lida da yatsa. In ka ji kaushi, sake ta. Zaren kitso da ya fara gashi a mitocin farko a yanke wurin. In ya yi shekara yana aiki, juye shi zuwa wani kwarkwaron, ɓangaren da ke ƙasa bai taɓa ganin ruwa ba ya dawo sama.